Neman Mai a Cikin Gansakuka

Ana sallame sallar asuba muka ɗaure ƙore a bayan kekuna muka bar Bebeji, ni da abokaina biyu. Wani malamin gona ne ya rantse mini wai Turawa suna fitar da mai daga gansakuka, koriyar nan mai rufe kududdufi. Na kai wa uwargida labari, ita da sana'arta ke nan, man gyaɗa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Bakina ya ja mini, na ce in ban kawo mata man ba, ni zan yi mata dakan gyaɗa mako guda a ƙofar gida, kowa na gani.

A Kiru muka kwaso ƙwarya uku muka shanya. Kafin la'asar, gansakukar ta ƙanƙance, ko tafin hannu ba ta cika ba. Muka huce haushi a kan ƙosan kobo-kobo, kowane ɗaya ya kai kan jariri, muka koma kwasa.

Hanyar Tudun Wada kuwa ramuka ne da 'yar hanya a tsakani. Wani ramin sai da na yi sallama kafin in shiga. Can wata mai man kaɗe ta dafa mana gansakukar yadda take dafa kaɗanya, muka tsugunna jiran mai ya taso. Wari ne ya taso, har karnukan unguwa suka yi ƙaura.

A Doguwa, gindin duwatsu, aka dace! Wata tsohuwa ta soya busasshiyar, ta juye a turminta, tana murzawa tana yayyafa ruwan zafi. Sai ga maiƙo yana ƙyalli! Na daka tsalle har hulata ta faɗi. Na tsiyaye rabin cokali a kwalbar turare.

"Iya, yau sunanki ya kai Ingila!"

"Malam, ni dai wanke mini turmina."

A rana ta huɗu muka iso gida ina ta buga ƙararrawar keke. Uwargida ta buɗe kwalba, ta shinshina, ta lasa.

"Maigida, me tsohuwar take yi da turmin?"

"Ƙuli-ƙuli, tun tana amarya."

"To, man da turmi ya sha ka tatso. Ga tabarya."

Na dai ƙaru a tafiyar nan: suya da murza sun fi dafuwa, kuma mai son gwaji ya nemi sabon turmi. Yau kwanana uku ina daka. Cinikin uwargida ya ninka, don har daga Kiru ake zuwa kallo.