Gwangwani Na Tara

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar Zariya, mu uku a cikin sabuwar jif ɗin jami'a: ni, da direbanmu, da wata nas da ta ba ni shekara kusan ashirin. Ana yayyafi. Ko shayi ban iya kurɓa ba. Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya ramar da ni cikin mako guda, to ga shi ku ji, amma duk wadda ta yi mini dariya ban yafe ba.

Kun san aikin sashenmu: garin kunun yara ne, na gero da gyaɗa da zogale, muna gwadawa ko zai hana ramar nan da ke kama yara lokacin yaye. Mukan zuba shi a gwangwani mu raba wa iyaye mata a ƙasar Ƙanƙara da Faskari, malaman sababbin makarantun firamare kuma su riƙa ɗora mana yaran a sikeli duk wata. Ƙa'idarmu ita ce, duk garin da aka niƙa sai 'yan agwagi sun ci shi kwana bakwai tukuna. Dalili kuwa, gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafi mai cin hanta, ɗan agwagwa kuma ba ya jure shi ko kaɗan. To a niƙan ƙarshe aka ce manyan baƙi za su zo daga Ikko, su ne masu sakin kuɗin aikin, ana so su tarar an gama rabo. Ni ce na ce a raba, a yi gwajin daga baya. Ni da bakina. Gwangwani tara muka raba, kowanne da ɗigon jan fenti a murfinsa. Kwana shida bayan nan na shiga ɗakin gwaji na tarar 'yan agwagi huɗu sun miƙe ƙafa, wuya ya sandare ta baya.

Shugaban sashe ya ce in je in kwaso gwangwanayen ba tare da hayaniya ba. "Ki ce za a sake musu da wanda ya fi kyau," in ji shi. "Kada ki tayar wa mutane hankali." Na ce to, don ni ma abin da nake son ji ke nan.

Hanyar Funtuwa ta zama abin tsoro yanzu. Tireloli ɗauke da siminti nan da can, ga 'yan fijo sababbi fil suna gudu kamar an koro su, ga gawawwakin motoci a gefen titi, wasu ko lamba ba a kai ga maƙala musu ba. A tashar Funtuwa kowa da rediyonsa a kunne. Burodin da bara ake ba ka a sule, mai shayi ya ce sule biyu, tun da aka yi ƙarin albashin nan komai ya haukace. Direbanmu, bawan Allah, ya dawo da ƙunshin dafaffiyar gyaɗa ya miƙo mini baya. "Malama, bismilla." Kallon da na yi masa ya sa ya janye hannu a hankali ya cusa ta a aljihu. Nas ta yi dariya har da tari. Ni ko murmushi ban yi ba.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Ƙanƙara. Gero ya yi kai, dawa ta rufe mutum, ko'ina kore shar. Malamin firamaren da ke riƙe mana littafin sunaye ya bar ajinsa ya zaga da mu gida biyar, yana tsayawa a zaure mu mu shiga. A gida huɗu ba a ma buɗe ba, na da bai ƙare ba. Wata ta jera nata a kan samiru saboda kyan murfin, sai da muka yi lallashi kafin ta ba mu. A gida na biyar an buɗe, an dama sau ɗaya jiya da safe. Nas ta gwale idon yarinyar, ta danna mata ciki, ta ce damu ɗaya da sauƙi, amma a kai ta ɗakin shan magani duk mako. Uwar ta tambaye ni, "Lafiya dai ko, Malama?" Na ce lafiya lau, wanda ya fi kyau za a kawo. Ta yi ta godiya, har ta biyo mu da ƙwan zabi biyar. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ciki.

Daga nan muka gangaro ta Sheme, muka faɗa 'Yankara ranar kasuwa. Tabɗi! Shanu sun cika titi, motocin hatsi sun gicciya, direba ya danna ham har ya gaji, babu wanda ya waiwayo. Kusan awa guda muna tsaye wuri ɗaya. Nas ta kira wata Bafillatana ta dama fura, ta ɗora mini ƙwaryar a cinya ta ce in ban sha ba za ta ɗura mini. Na sha. Nonon ya yi daɗi, in faɗi gaskiya, sai dai cikina bai san na sha ba.

A Faskari, ƙarƙashin duwatsun nan, muka karɓi uku, dukkansu a rufe. Takwas ke nan. Saura ɗaya a Daudawa, na fara jin numfashina yana dawowa.

Bayan la'asar muka isa, ta tsakiyar gonakin auduga. A littafinmu, gurbin sunan yaron gidan ba suna, "ɗan fari" kawai malamin garin ya rubuta, don uwar ta ƙi faɗa tun farko. Muka tarar da ita tana surfe, surukarta na zaune a gefe tana kaɗi. Mijin ya tafi leburancin gini Kaduna kamar rabin samarin garin. Na duba tsakar gida, ba yaro. Surukar ta ce ai an yaye shi, kwana biyar ke nan wani kawunsa ya goya shi a keke ya kai wa kakarsa ta wajen uwa. Gwangwanin fa? Har da shi aka haɗa, ai guzurinsa ne.

Ku dubi wautarmu. Shekara biyu muna nazarin abincin yaye, mun rubuta takardu sun fi a ƙirga, kuma ni kaina wajen kakata aka kai ni yaye, amma ko sau ɗaya ba mu tuna cewa yaron da aka yaye ba a hannun uwarsa yake ba.

Na ce ina ne garin? Surukar ta ce can wajen Sabuwa ne, wani ƙauye cikin daji, ita ba ta taɓa zuwa ba. Na juya wajen uwar. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da surfe. Na sake tambaya, shiru. Nan fa zuciya ta ɗebe ni, na manta da maganar shugaban sashe, na ɗaga murya na ce garin nan akwai dafi a ciki, zai iya kashe mata ɗa, ita kuma tana nan tana yi mini kunyar ɗan fari! Taɓarya ta tsaya a sama. Nas ta mintsine ni a hannu har yau da tabo, ta ja ni muka yi sallama.

Mun kai bakin zaure sai ga ta ta biyo mu da tsintsiya, wai shara za ta yi. Ba ta dube ni ba. Wajen nas ta juya, ta ce, "Gwaggo, in za ku Sabuwa ku gaishe mani da Inna. In kun wuce gari sai ku bi yamma, ku ƙetare rahi. Gidan da ke da giginya biyu." Sai ta ciro wata 'yar hular saƙa daga ƙugunta ta danna wa nas a hannu, ta juya da sauri. Ba ta ce ta wane ne ba.

Hanyar daji da ke zuwa Sabuwa kai tsaye ruwa ya yanke ta, dole muka zagayo Funtuwa, magariba ta riske mu a can. Direba ya rantse ba zai shiga hanyar Ɗandume da duhu ba ko za a kore shi daga aiki. Muka kwana. Abu ɗaya ne a raina: kowace safiya ana dama kunu, yau kwana biyar, gobe na shida.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Bayan Ɗandume kwalta ta ce ga garinku. Burji ne ja, ya jiƙe ya zama kamar tuwo, ga kwalbatoci an jibge a gefe ciyawa ta fito a cikinsu, ga wata katafila an bar ta tana tsatsa. Ƙasar can itatuwa ne manya, ɗorawa da kaɗanya, duhuwa ko'ina. Mun wuce Sabuwa da kaɗan jif ta nutse har ciki. Motar da aka ce ba inda ba ta shiga! Wasu manoma biyu suka kwance shanun huɗarsu suka ɗaura mata igiya. Ni ban tsaya ganin ƙarshen abin ba. Na cire takalmi, nas ta tattare farar rigarta, muka bar direba muka bi yamma da ƙafa.

Rafin ya kawo mana ƙugu, sanyi kamar ya tsinke ƙafa. Muna hayewa na hango giginya biyu, na kuma hango hayaƙi yana tashi daga gidan. Ban san ina da gudu ba sai ranar.

Ko sallamar kirki ban yi ba. Ga yaro zaune a tabarma, ludayi a hannu, baki duk kunu. Ga gwangwani mai jan fenti a bakin murhu, murfi a buɗe. Na fizge ludayin na ture ƙwaryar ta kife, yaro ya tsala ihu. Wata tsohuwa ramammiya ta fito daga ɗaki da ƙoshiya a hannu.

"Ke! Lahiya? Mi ya yi maki?"

Na nuna mata gwangwanin. Ta ɗauko ta karkato mini shi. Kanwa ce a ciki.

Na zauna a ƙasa daɓas. Nas ce ta gaishe ta yadda ya kamata, ta faɗi daga inda muke, ta ɗauki yaron ta duba idonsa da cikinsa, ta ce garau yake. Ta sa masa hular. Tsohuwar ta dubi hular, ta gane saƙar 'yarta ce.

Sai da ta sake dama masa wani kunun, na geronta da ƙulinta, sannan ta zauna ta ba mu labari. Ta ce ita abin da ba ta san hannun da ya niƙa shi ba, ba ta ba jinjiri sai dabba ta fara ci. Ranar da aka kawo yaron ta jiƙa garin ta zuba wa 'yan agwaginta. Kwana uku, biyar suka mutu cikin bakwai. Ta haƙa rami bayan gida ta binne sauran garin, ta wanke gwangwanin da toka. Ba ta aika wa 'yarta ba, don kada ta tayar mata da hankali a gidan miji.

Na buɗe baki zan ce za a sake musu da wanda ya fi kyau, sai na fasa. Na faɗa mata gaskiya duka, har da cewa mu ma da agwagi muke gwadawa, kuma ni ce na ce a raba kafin a gwada. Ta dube ni. Ba faɗa, ba zagi, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

"To ɗiyata," ta ce, "ku can agwagin ne suka yi maku tsada, da kuka fara da ɗiyanmu?"

Kuka na yi, irin wanda rabona da shi tun ina yarinya.

Da za mu tafi ta shiga bayan ɗaki ta fito da ɗan kwando, 'yan agwagi biyun da suka rage suna ciki. Na ce haba Inna, ai ni ya kamata in biya ki naki. Ta ce in tafi da su, ita tana da uwarsu, mu ne da alama muke da ƙarancinsu.

A dawowa na sa direba ya biya Daudawa, duk da zagayen. Nas ta ce wa uwar, a gaban surukarta, "Inna na gaishe ki. Kowa lafiya a gidan, har mai sabuwar hula." Ta ce "Madalla," ta shige ɗaki da sauri, muna jin shessheƙarta daga waje. Washegari muka koma Ƙanƙara na shiga gida biyar ɗin nan na warware ƙaryar da na yi. Mai ƙwan zabi ba ta amsa sallamata ta tafiya ba, kuma tana da gaskiya.

Mun iso Zariya da yamma, laka har a gira. Na rubuta rahoton yadda abin ya faru, da sunana a wurin da ya dace, shugaban sashe bai ji daɗi ba, har yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa: ƙa'idar da na ɗauka tamu ce ta masu digiri, na tarar da ita a bayan rafi wajen tsohuwar da ba ta san bihim ba, kuma ita ba ta taɓa karya ta don baƙi za su zo ba. Agwagin suna nan a bayan ɗakin gwaji, sun fara fiffike. Duk safiya ni nake zuba musu gari da hannuna, in tsaya sai na ga sun cinye.