Yadda Muka Yi wa Amaryar Malam Sani Hanya

Ku da kuka kama aiki bana, bari in ba ku labarin wata rana a Gwandu da har gobe ba za ta fita raina ba. Lokacin ina foman a kamfanin wani ɗan kwangila, muna gina lambatu a gefen titin da ya nufi Kambaza, ana sauri a gama kafin ruwa ya sauka. Foman shi ke kula da birkiloli da kafintoci da leburori, amma ba shi da ikon canja komai a zanen aiki. Wannan sai injiniya. Tamu kuwa Injiniya Rahila ce, 'yar Zuru, mace mai fara'a, amma ba ta wasa da awo.

Wata Litinin da hantsi muna cire katakon da muka zuba wa kankare, sai na ji kira daga wani zaure. Na waiwaya, ashe Malam Sani mai gyaran rediyo ne, wanda shan inna ya kama tun yana yaro. Yana bisa kekensa mai ƙafa uku. Rumfarsa tana tsallaken titi, ga lambatu ya ratsa ƙofar gidansa, mun aza masa falanki ɗaya kamar kowa.

"Foman, mi niy yi maku kunka ɗaure ni, ba alƙali ba ɗan sanda?" Yana faɗi yana dariya.

Na ce ya yi haƙuri, murfin kankare yana tafe.

Ya ce, "Na ga irinsa ƙofar maƙwabcina. Ya fi ƙasa tudu, ga dakalin da kunka yi bakin titi. Ni dai a bar tawa, ƙannena na ɗaga ni. Amma Lahadi ta sama za a kawo mani amaryata Hadiza daga Kalgo, ita ma bisa keke take. Sharaɗi guda Hadiza ta gindaya: ba ta zama gidan da sai an ɗauke ta kamar buhun gero kafin ta fita. Na ce mata ƙofata a shimfiɗe take. To, lokacin ba ku zo ba."

Da Injiniya ta iso na kai mata maganar. Ta duba ƙofar, ta duba zanen, ta kira babban injiniya a waya ta yi masa bayani. Ya amince a yi gangara, matuƙar ba za a tare wa ruwa hanya ba. Ta ce kada mu taɓa siminti tukuna, mu fara gwadawa da jar ƙasa da katako.

Birkilanmu ya haɗa wata 'yar gajeriyar gangara, mu dai a idonmu ta yi. Sai Injiniya ta ce, "Malam Sani, ka ara mini keken." Ya sauka bisa tabarma yana murmushi. Ta hau, ta kama hannun tuƙi tana juyawa da ƙarfinta. Ta kai rabi ke nan keken ya ce bai san zance ba, ya yo baya da ita har cikin tarin yashi, hular kwanonta ta yi gefe guda. Leburori suka riƙe baki, amma da ta fashe da dariya sai wurin ya ɓarke gaba ɗaya, har masu sayar da fura na tsallake.

Ta miƙe tana kakkaɓe jiki ta ce, "Baba Foman, ai dutsen Zuru muka gina masa. A tsawaita ta."

Muka yi ta ƙara wa gangarar tsawo, Injiniya da Malam Sani suna hawa bi da bi, har sai da ya haye yana hira ba ya haki. Sannan muka zuba kankare, muka toshe tsagar da ke tsakanin murafen don kada ƙaramar taya ta faɗa, muka ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye saboda santsi. Muka fasa dakalin titin daidai wurin, nan da tsallake, muka sa tudun rage gudu gaba da baya saboda 'yan kabu-kabu, aka shafa farin fenti.

Kankare yana son ruwa kafin ya yi ƙarfi. Ba mu roƙi kowa ba, matan unguwar suka ɗauki wannan, safe da yamma suna jiƙa buhunan da muka rufa wa kankaren, suka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki.

Ranar Lahadi bayan la'asar muka zo da kayanmu na fita, don an gayyace mu. Motar amarya ta tsaya a tsallake, ashe ita ta nemi haka. Aka sauke kekenta, ta zauna. Ƙawaye suka kama za su tura, sai muka ji murya daga cikin lulluɓi: "Ku dakata."

Ta ɗora hannuwanta masu lalle bisa tayoyin. Ta gangaro titi, 'yan kabu-kabu suka ja birki suka yi layi. Ta tsallake, ta haye gangarar, ta shige zaure ba wanda ya taɓa ta. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Wata gwaggonta ta kama hannun Injiniya tana ta sa mata albarka: "Ɗiyata, yadda kika buɗe wa wagga yarinya hanya, Allah Shi buɗe maki taki." Ango yana rumfarsa da abokai yana leƙe. Na gan shi yana share ido da hula, da muka haɗa ido ya ce wai hayaƙin babur ne.

Tun daga nan, duk inda aka tura ni, ba na bari a sa diga sai na bi ƙofa ƙofa na tambayi su wa ke ciki da yadda suke fita. Zane yana gaya maka faɗin titi da zurfin lambatu, amma ba ya gaya maka wanda ke bayan ƙyaure. Ku riƙa sallama kuna tambaya. Siminti in ya bushe ba ya jin ban haƙuri.