Gyaran da ya iso bayan tafiyarka

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, ana shirin sallar la'asar, matarka ta kira ofis ta ce rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Mun san kana jinya, Yaya, amma ba mu taɓa kawowa kujerar nan ta bakin taga za ta kwana babu mai ita ba.

Tare muka yi shekaru muna kula da shafukan intanet na ƙananan ƙungiyoyi. Kowane shafi da satifiket ɗinsa na tsaro, wanda in ya ƙare ba a sabunta ba, mai shiga sai ya ga gargaɗi ya juya. Manhajar da muke sabuntawa da ita baƙin allo ce kawai, sai an rubuta mata umarni. Ga ta da mugun hali: da ta ci karo da ƙ, ɗ ko ɓ a sunan folda, sai ta rantse babu fayil ɗin, alhali ga shi muna kallo.

Mu dabararmu ɗaya, mu cire wa harafin ƙugiya mu huta. Kai ka ƙi. Duk sabuwar manhajar da ta shigo ofis, sai ka buɗe folda mai haruffan nan uku ka gwada ta, tabarau a kan hanci, shayinka na hucewa. Da haka muka laƙaba maka Mai Ƙugiya, kana amsawa har da ɗaga hannu.

Ina tuna foldar Ƙungiyar Maɗinka, matan da ke samun masu kawo ɗinki ta shafinsu. Ita ta fi ba mu wahala. Duk lokacin sabuntawa da hannu kake bi, mataki mataki, muna yi maka tsiya. Sai ka ce, “Ƙanwata, sunan mutane ne. Manhajar ce za ta koya.” Ka rubuta gyara ka aika wa masu manhajar, suka dawo da shi, ka sake, suka sake. Ban taɓa jin ka yi tsaki ba.

Da na je duba ka a asibiti, ko gaisuwa ba mu gama ba ka tambaye ni, “Sun amsa?” Na ce tukuna. Ka ce, “To, in na maɗinka ya zo ƙarewa, kar ki taɓa musu suna.”

Satifiket ɗin nasu ya zo ƙarewa a makon jiya. Hanyar da kake bi da hannu ta tafi tare da kai, manajanmu kuma ya ce in canja sunan foldar kafin shafin matan nan ya rufe. Raina bai so ba. Na sauke sabuwar fitowar manhajar, na yi bismilla, na rubuta umarnin da sunan yadda yake. Ya wuce lami lafiya. Na duba bayanin canje-canje, sai ga gyaranka, sun karɓa. Wallahi ban san lokacin da na juya wajen taga zan yi maka albishir ba.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yalwata makwancinka, Ya sa wannan gyara ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Ga matarka da 'ya'yanka da mahaifiyarka, Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi. Mu kuma Ya sa mu cika da imani.