Zare na Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Shekara goma sha tara Inna Mai Zare tana aikin taurari, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙa madubin hangen nesan da ke kan tsauni ba. Ita ɗakinta a ƙarƙashin bene yake, ba taga, sai fitila mai ƙugi da sanyin na'ura mai shiga ƙashi. Kullum da safe a turo mata farantin ƙarfe mai faɗin murfin rijiya, an yi masa huda ɗari shida, kowace huda ta tauraro guda. Aikinta ta ɗauki zaren gilashi siriri mai lamba a wuya, ta cusa shi a hudar da ke da lambarsa. In an kai farantin tsauni, hasken kowane tauraro ya bi zarensa ya faɗa na'ura, masana su karanta sinadaran da ke cikinsa.

Ba ta yi karatun ba, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ta san taurarin da ke shimfiɗe a faifai ɗaya da ranarmu, waɗanda ta raɗa wa 'yan cikin gari, sun ƙoshi da ƙarfe. Na can nesa da ke watse kewaye da su, 'yan bayan gari, tsofaffi ne, ƙarfensu bai taka kara ya karya ba. "Talakawa irina," in ji ta.

Abin da ya dame ta babban yatsanta ne. Ya kumbura, ya fara sandarewa, har maɓallin rigar jikarta ya gagare ta. Likita ya ce ta bar cusa zare ko ta rasa yatsan. Ba wani abu mai yawa ta roƙa ba, a mayar da ita sito a sama, inda ake raba safar hannu, akwai taga. Sai Farfesa, shugaban aikin, ya ce, "Inna, bari mu gama da 'yan bayan gari." Shekara huɗu ke nan! Su kuwa 'yan bayan garin nan ƙarewa suke yi? Gaskiyar magana, duk wanda aka gwada a kujerarta sai ya ninka lokacinta, ya kuma yi shirme.

Maigidanta, tsohon direba, shi ya ba ta shawara. "Ke ma dai! Wa ke sauke wa jakin da ba ya tuntuɓe kaya? Yi kuskure mana, ko ɗaya."

Ta yi kuwa. Wata Talata ta musanya zare na ɗari biyu da sha bakwai da na sha takwas, ɗaya na ɗan cikin gari, ɗaya na ɗan bayan gari. Ta zauna jiran faɗa, har tana shirya fuskar tausayi.

Faɗa bai zo ba. Bayan sati uku sai ga Mai Tabarau, ɗalibar Farfesa, ta sauko a guje ta rungume ta. "Inna, farantinki ya yi albarka! Na samu tauraro can bayan gari cike da ƙarfe, ba a taɓa ganin irinsa ba. A kansa zan rubuta digirina. Har na buga wa Baba waya, ya yi kuka."

Yarinyar nan ita kaɗai ke saukowa ta gaishe ta, ita ke murza mata yatsan da man zafi. Kunya ta kama Inna, haushin kanta ya fi kunyar. Ta hau bene, ta shiga ofishin Farfesa ba sallama.

"Ranka ya daɗe, tauraron nan babu shi. Farantin Talata, na sha bakwai da na sha takwas, musanya aka yi."

Ya duba, ya sake dubawa, ya cire hula ya sosa kai. Mai Tabarau, da ta biyo bayanta, ta sulale waje, ko kallon Inna ba ta yi ba. Inna ta ce a ranta, to, na rasa yarinyar, amma ai yanzu sai sito.

"Faranti ashirin suka wuce tun ranar," in ji Farfesa, "kuma kin riƙe lambar a ka? Kin tsamo mu daga abin kunya. Inna, wa zai saki irinki?"

"Da gangan na yi! Wallahi da gangan!"

Ya tuntsire da dariya. "Inna ke nan, ba kya rabo da barkwanci."

Ta sauko a hankali, tana dafa bango. An riga an turo sabon faranti. Ta miƙa hannu ga zare na ɗaya, babban yatsan ya ƙi lanƙwasa, sai ta maƙale zaren tsakanin manuni da na tsakiya ta cusa.