Neman Sunan 'Yar Hamman a Bakin Binuwai

Lahadi: Jimeta zuwa Fufore

Na idar da sallar asuba a unguwarmu Limawa jakata tana kafaɗa, amma ban fita ba sai da gari ya waye, saboda dokar hana yawo. Shekarar ce da aka yanke layukan waya a Adamawa saboda rikici, kowa ya koma rubuta takarda yana neman mai kai masa.

Ga abin da ya tashe ni. Fadimatu, matar aminina Hamman, ta haifi 'ya mace ranar Alhamis, haihuwar fari. Shi Hamman yana gabas a kan Binuwai, yana bin sansanonin masunta yana sayen banda, bai ma san an haihu ba. Dada, mahaifiyarsa, ta kira ni ta ce, "Sa'adu, yarinyar nan ba za ta ci sunan kowa ba sai wanda ubanta ya zaɓa. Je ka karɓo, ka dawo kafin Alhamis."

Tun Juma'a ya kamata in tashi. Na tsaya haɗa gishiri da zaren koma da zan sayar a hanya, 'yan kasuwa kuma suka yi ta cusa mini takardunsu. Kwaɗayina ne ya ci kwana biyun nan, ba ni da wani uzuri.

Bayan mun wuce Yola aka sauke mu daga mota a shingen sojoji, kowa hannu sama. Soja ya zazzage jakata, takardu suka watse.

"Kai ne gidan waya yanzu?"

"Ranka ya daɗe, aike ne."

Ya buɗe ɗaya ya karanta da ƙarfi. Ta fara da farashin gero, ta ƙare da cewa ɗanka ya fara tafiya. Ya yi dariya ya ce in kwashe. Shingaye suka cinye mana yinin, tafiyar da ba ta kai komai ba. Na kwana a Fufore wurin wani tela, muka ci tuwon dawa da miyar kuka.

Litinin: Ribadu da kan ruwa

A bayan akori-kura na isa Ribadu, na shiga kwalekwale mai inji. Damina ta fara, ruwan ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Na dami matuƙin da a ƙara wuta har ya ce, "Malam, in ka fi injin sauri, sauka ka tura."

A sansanin farko aka ce Hamman ya wuce jiya. A na biyu aka ce da safen nan. A nan ma sai da na tsaya na sayar da gishiri, har hadari ya haɗo, babu jirgin da zai ƙara tashi. Na kwana a rumfar banda, hayaƙi a ido, sauro a kunne.

Talata: na sami Hamman

Da hantsi na same shi a wani tsibiri yana ɗaure kwanduna, tare da Kawu Buba, dattijon da ke da jirgin da suke yawo da shi. Na ce, "Hamman, albishirinka! Fadimatu ta sauka lafiya, mace. Dada ta ce ka ba da suna."

Bai ɗago ba. Ya ja igiya ya ƙulle, ya ce, "To, madalla. Yaya kasuwar banda a Jimeta?"

Muka shiga maganar kasuwa. Can ya yagi takarda ya zauna a gindin bishiya ya daɗe yana rubutu, ya naɗe ya ɗaure da zare. Kawu Buba ya yafuto ni daga wurin murhu, "Sa'adu, zo mu sha shayi." Na ce, "Kawu, sai wani jiƙon," don masunta sun kewaye zaren komata. Ya sake kira, na sake ɗaga masa hannu. Na cusa takardar a aljihu ina jin na gama aiki.

Laraba: abin da na ji a jirgi

A jirgin dawowa na zauna kusa da wani dattijo, Malam Bitrus, mutumin Numan, tsohon malamin tarihi da ke zaune a Vinikilang. Magani ya kai wa ƙanensa masunci. Ya ga ina jera amsoshin takardun 'yan kasuwa da na karɓo a leda, ya ce, "Ɗana, sana'ar nan taka ta tsufa fa."

Na ce, "Baba Malam, ai bana ta fara."

Ya yi dariya. Ya ce shekaru ɗaruruwa da suka wuce akwai Yahudawa fatake a Masar da ke shiga jirgin ruwa har Indiya, su yi shekaru ba su ga gida ba. Da Larabci suke magana, amma da baƙaƙensu suke rubuta shi, kamar yadda muke ajami. Ba sa yar da takarda mai sunan Allah, sai su zuba a wani ɗaki na wurin ibadarsu, shi ya sa aka tarar da wasiƙun har yau. Na ce mu ma kakata a tukunya take ajiye irin wannan.

"Me suke rubutawa?" na tambaya.

"Abin da ke ledarka. Barkono ya yi tsada, jirgin wane ya nutse da kaya, abokin ciniki ya yi shiru, a saya wa yaro riga. Wani lokaci wasiƙa ɗaya sai su rubuta ta sau biyu su ba jiragen ruwa biyu, ko ɗaya zai tsira. In wuri ya ƙare su bi gefen takarda suna rubutu a karkace."

"Matansu fa?"

"A nan ne abin mamaki. Mutum zai cika takarda da barkono, ya gaida ƙane da maƙwabci, amma da wuya ya ambaci matarsa da suna. Sai dai ya ce mutanen gida. Kunya ce, ba rashin so ba. Abin da ya fi nauyi a zuciya, sau da yawa wanda ya ɗauko takardar ake bar wa ya faɗa da baki."

Sai na zaro takardar Hamman daga aljihuna. Hamman Bafulatani ne, wannan kuwa 'yar fari. A Yola na girma, na san uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya rubuta wa mahaifiyarsa shi. Na kwance zaren, Allah ya yafe mini buɗe amanar mutum. Kwandunan banda, man jirgi, a gyara rufin shago, a gaida mutanen gida. Na juya bayanta, na duba gefe. Babu suna.

"Direba, tsaya! Juya!"

"Juya ina? Jirgin ubanka ne?"

Fasinjoji suka taso mini. Malam Bitrus ne ya roƙa aka sauke ni a wani yashi, ya karɓi takardun mutane ya ce zai raba su a Jimeta. Na yi zaman jiran jirgin da zai koma gabas har la'asar.

Da na koma tsibirin, Kawu Buba na ganina ya ce, "Ka dawo shan shayin?"

Na durƙusa. Ya ce, "Tun kana cinikin zare Hamman ya zo ya tsaya bayana ya faɗa mini sunan, yana kallon ruwa. Ni zai gaya wa, ni in gaya maka. Sau biyu na kira ka." Sannan ya rage murya: "Hadizatu." Sunan mahaifiyar Fadimatu ne, wadda ta rasu tana goyonta. Hamman yana can nesa yana juya kifi, ko waiwaye bai yi ba.

Alhamis: gida

Jirgin farko na bi. Daga Ribadu na hau motar itace, na yi ta roƙon Allah a kowane shinge. Ana kiran azahar na shiga Limawa, na tarar an naɗe tabarmi, fatar rago tana shanye a katanga. Bappa, wan mahaifin Hamman, ya ce sun jira har rana ta ɗaga, liman yana da jana'iza, sai ya raɗa wa jaririyar A'isha.

Na shiga wurin Dada na faɗi duk yadda aka yi, ban rage laifina ba. Ta ce, "Wane suna ya ce?" Na faɗa. Daga bayan labule na ji Fadimatu ta ja numfashi, sannan kuka ya ƙwace mata, irin wanda ake toshewa da zane.

Bappa ya ce an riga an yanka rago, an yi addu'a, ba za a tara jama'a sau biyu ba. Dada ba ta yi masa musu ba. Ta miƙa hannu aka ba ta jaririyar, ta duba fuskarta ta ce, "Sannu da zuwa, Inna." Haka ake kiran yarinyar da ta ci sunan kakarta.

Yanzu tana sakandare. A takardun makaranta A'isha ce, amma duk Limawa babu mai kiranta haka. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Bitrus da Kawu Buba, da Dada da ba ta taɓa goranta mini ba har ta bar duniya. Ita kuwa Inna, duk ranar da na je gidan sai ta leƙo ta ce, "Kawu Sa'adu, yau ma ka makara, an gama cin abinci."