Mai Tawada da Hotunan Sista

A layin masu gyara, tsakanin mai rediyo da mai ɗinkin takalma, akwai wani shago da ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye. Mai Tawada ake ce wa mai shi, don an yi shekaru ba a ga faratansa farare ba. Tsofaffin firintoci ne jibge a ciki har rufi, waɗanda ofisoshi suka gaji da su suka yar. Shi kuwa ba ya yarda a ce firinta ta mutu. Cewa yake zama ne ya yi mata yawa, tawada ta bushe mata a maƙogwaro. Sai ya kwance kanta, ya ɗora a kan jiƙaƙƙen tsumma, ya bi ƙananan ramukan da sirinji, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri ya sha magani.

Ba da gyara ya fara ba. Yana saurayi a ɗakin wankin hoto ya yi aiki, har aka shiga yayin hoto mai launi. Wata uku yana fitar da mutane da fuska kore-kore bai sani ba, maigidan ya gaji ya sallame shi. A nan ya gane idonsa ba ya raba ja da kore. Abin ya yi masa ciwo, ya haɗiye, bai faɗa wa kowa ba, har matar da ya aura daga baya. Amma a fari da baƙi ba mai ja da shi. Zai ɗaga hoto ya ce inuwar nan ta toshe, riga ta haɗe da bango, alhali mai hoton bai ga komai ba. Shi ya sa masu son irin wannan hoto suka riƙe shi.

Wata rana wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda kowa ke kira Sista, ta zo da hotuna arba'in a wayarta. Na ɗakin haihuwar da ta yi shekara talatin a ciki ne. Za a rushe ginin, tana so ta ba kowace abokiyar aikinta nata. Ta ce fari da baƙi take so, yadda aka ɗauke su, kuma ranar Asabar za su haɗu.

Tawadar da ya saba saye ta ɓace a kasuwa, ya sayo wata. Tsofaffin firintocin nan kuwa, in za su yi launin toka, sai sun gauraya sauran launuka, kuma sabuwar tawadar ba ta gauraya daidai ba. Shi dai ya buga goma sha biyu, ya shanya a igiya, ya ja da baya yana jin daɗin aikinsa.

Da azahar matarsa ta kawo masa abinci. Ta ajiye kwanon, ta tsaya tana kallon igiyar. Can ta tambaye shi ko marasa lafiya aka ɗauka. Ya ce a'a, masu jinyar ne.

"To ai duk sun yi kore, Baban yara. Kamar an jiƙa su a ruwan ganye."

Ya fara kame-kame, ya ce hasken shagon ne, ya ce takardar ce ba ta bushe ba. Ta jawo kujera ta zauna.

"Ka daina wahalar da kanka," ta ce. "Na sani tun muna amare, ranar da ka sayo min jan mayafi kana ta yabon korensa."

Shekara ashirin da huɗu ke nan da aurensu. Ya tuna yadda kullum take fitar masa da kayan da zai sa ta ajiye a bakin gado, yadda take hana shi zaɓen tumatir, wai ba ya iya ciniki. Ya tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce ta ga yana ɓoyon abin kamar wanda ya yi sata, ta bar masa kayansa. Ya so ya yi fushi, dariya ta ƙwace masa, har mai rediyo ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ranar ba ta koma gida da wuri ba. Ya sauko da wata firinta da ya daɗe yana tunanin gwada wani abu da ita, ya wanke duk launukan cikinta tas. Ya tsarma baƙar tawada kashi huɗu, daga baƙi ƙirin zuwa toka mai haske, ya ɗura kowanne a gurbinsa. Gwajin farko ya fito da layi-layi, na biyu ya yi duhu. Shi yana duba inuwa, ita tana kai takardar bakin ƙofa ta duba ko kore ya saura. Suka yi kwana biyu a haka, suna musu kamar masu rabon gado.

Ranar Juma'a Sista ta zo. Ta zauna tana ɗaga hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan wani. A can baya, inda a waya duhu ne kawai, ga wata mata riƙe da bokiti tana murmushi. Sista ta ce mai sharar ɗakin ce, ta rasu da daɗewa, kuma 'ya'yanta ba su da hotonta ko ɗaya. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce a ƙara mata uku na wannan hoton.

Tun daga nan matar Mai Tawada take zuwa shago duk ranar da akwai bugun hotuna. Yanzu har ta iya ɗura tawada, sai dai ita da safar hannu take yi, kuma ta hana shi jibga kwalaye a kan kujerarta.