Matakalar Bah Donbor

Bah Donbor maƙeri ne kafin kogo ya cinye rabin rayuwarsa. A ƙauyensu, can gangaren Sohra inda ruwan sama ba ya jin kunyar kowa, shi ke ƙera ƙofofi da adduna. Dogo ne siriri kamar gora. In zai shiga gidan matarsa sai ya sunkuya, har surukarsa ta shekara uku tana yabon ladabinsa kafin ta gane laifin ƙofa ne.

Kogon yana bayan ƙauye. Baƙi kan zo daga birnin Shillong, har da na ƙasashen waje, su shiga ta wannan baki su ɓulla ta wancan. Hanyar ba wuya sai wuri guda: wani bangon dutse mai tsayin mutum uku, ruwa na tsiyaya a kansa rani da damina, ga santsi kamar an shafe shi da miyar kuɓewa. Akwai tsanin gora da ke ruɓewa duk shekara, da wata igiya da ba a san wanda ya ɗaura ta ba, balle shekarunta.

Yana da shekara arba'in da biyu ya raka dangin matarsa ciki. Ya kama igiyar yana cika baki, wai tun yana yaro yake hawa nan ido rufe. Bai rufe bakin ba igiya ta tsinke. Ya sauko zaune daɓas a gaban surukai, kogo kuma ya maimaita ƙarar sau uku. Sati uku a tsaye yake cin shinkafa.

Matarsa Kong Ibanri (a yarensu Kong kamar Malama ne, Bah kuma kamar Malam), mai sayar da jan shayi a bakin kogon, ba ta raga masa ba. "Baban Lariti, ga kujera mana. Ko rantsuwa ka yi ba ka ƙara zama?"

"Yi dariyarki," in ji shi. "Ni da dutsen nan, mu zuba mu gani."

Da ya warke ya nemi izinin dattawan ƙauye. Ya lanƙwasa ƙarafa goma sha biyu kamar mariƙin bokiti, ya kwana tara yana huda dutse da guduma da kurfi, fitila ɗaure a goshi. Da ya kafa na ƙarshe ya je ya ce Ibanri ce za ta fara hawa. Shekararta goma sha shida tana zuba shayi a bakin kogon, ba ta taɓa leƙawa ba.

"Me zan gani a ciki? Duhu? Akwai shi a ƙarƙashin gado."

Ya dai nace har ta tamke zani ta bi shi. Ta taka ƙarfen farko. Ta ɗaga ƙafa neman na biyu, ƙafa ta yi ta lilo a iska. Ta waiwayo.

"Da ƙafar wa ka auna?"

"Da tawa."

"To ai sai ka riƙa hawa abinka kai kaɗai. Rabin ƙauyen nan tsayina ne, sauran rabin ma ban da kai ba su kai ni ba."

Bai yi musu ba. Ya sari kara daidai takunta, ya koma ya cusa ƙarfe goma sha ɗaya a tsakani, ya rataya sabuwar igiya mai ƙulli-ƙulli a gefe don kamawa. Daga nan duk Litinin sai ya shiga ya girgiza kowane ƙarfe. Da damina ta ɗauke sai ya sauya igiya, tsohuwar kuma ya daddatsa ta, don kada wani mai tattali ya ce ai da sauranta.

Shekara takwas babu wanda ya faɗi, kansa ya fara kumbura. Sai ga Kong Risalin, wata ƙwararriyar mai shiga koguna daga Shillong. Ta tsaya ƙarƙashin bangon, ta karɓi gudumarsa tana ƙwanƙwasa ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Shida suka yi ƙara tangaran. Na bakwai ya amsa kamar an daki jiƙaƙƙen itace.

"Bah, tsatsa ta ci wannan ta ciki," ta ce. "Igiyar da ake tsoro ta fi ƙarfen da aka amince wa, in ƙarfen ƙarya yake."

Ransa ya ɓaci. Ya kama ƙarfen ya finciko don ya kunyata ta, sai ga shi a hannunsa, gindin ya zama gari. Jiya-jiya 'yan makarantar mata talatin suka taka shi.

Ranar ya gitta benci a bakin kogo, ya hana kowa shiga. Baƙi suka yi ta gunaguni, Ibanri ta yi ta ɗura musu shayi. Sati biyu ya ɗauka yana sauya ƙarafan duka da waɗanda ba sa tsatsa, Kong Risalin na taya shi. Ta sa ya yi alkawarin ba zai huda dutse ko'ina ba sai nan, domin da an bar shi, har bakin kogon sai ya sa wa mariƙi.

Yanzu ya haura sittin da biyar, gwiwa ta ƙi hawa. 'Yarsa Lariti ce ke shiga da guduma ranar Litinin. Shi kuwa ya koma duba takalma, yana zaune da buhun takalman roba na aro, ba ya kallon fuskar kowa sai ƙafa. Watan jiya wani ango ya zo ɗaukar hoto da amaryarsa, da kwat da takalmi mai sheƙi.

"Bah, sabo ne fa," in ji ango.

"Na gani, ɗana. Ita ma amaryar sabuwa ce, kada ka sa ta fara da jinya."

Duk buhun babu wanda ya shige shi sai wasu jajaye masu furanni. Ango ya saka yana ƙunƙuni, ya hau lafiya ya fito lafiya, amarya kuwa ta hana mai hoto yanke ƙafafun daga hoton.